Darasi na 14: Dattijo da Sitiyari a Titunan Alƙahira

Manufar Darasi

Wannan darasi yana bayani ne a kan dangantakar da ke tsakanin yanayin hanya da haɗurran mota da ke rutsawa da direbobi masu yawan shekaru, tare da ɗaukar birnin Alƙahira a matsayin misali. Ana sa ran bayan an karanta shi, ɗalibi zai san kalmomin da Hausawa ke amfani da su a zancen tuƙi da hanya, zai gane yadda ake gina sunaye da ɗafa-goshin ma-, sannan zai iya tattauna batun da baki da kuma a rubuce.

1. Gabatarwa

Duk lokacin da aka yi haɗarin mota, tambayar da ta fi saurin fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Laifin wane ne?" Idan aka ce matuƙin dattijo ne mai furfura, sau da yawa sai a rufe zancen da cewa ai tsufa ne. Masana harkar kiyaye haɗurra ba sa tsayawa a nan. A wurinsu abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin haɗari ya auku: direba da mota da hanya. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaru na iya raunana direba, amma sau da yawa tsagar da haɗari ke bi ya shigo tana jikin hanyar ne.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2023 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 nasu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke. A Masar, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna cewa fiye da mutum 5,000 ne suka mutu a haɗarin mota a 2023, haka kuma a 2024. A ɗaya ɓangaren, yawan dattawa ƙaruwa yake yi. A 2023 waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama a ƙasar sun kai kimanin miliyan 9. Bugu da ƙari, dokar fansho mai lamba 148 ta 2019 ta tanadi ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali daga 60 zuwa 65 kafin ƙarshen 2040. Ke nan nan gaba za a ƙara ganin masu furfura a kan sitiyari, wasu za su wurin aiki, wasu za su asibiti, wasu kuwa tasi suke ja domin abin da ake ba su na fansho ba ya kai su ƙarshen wata.

2. Abin da Shekaru ke yi wa Direba

Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma ido ne ke fara ba da labari. Hasken da ke isa can cikin idon mai shekara 60 bai wuce kimanin kashi ɗaya bisa uku na wanda ke isa idon ɗan shekara 20 ba. Saboda haka dattijo yakan sha wuya a wuri mai duhu-duhu, kuma idan fitilar motar da ke tahowa ta kashe masa ido, yakan daɗe kafin ganinsa ya dawo daidai. Yanar ido tana sa a riƙa ganin abubuwa dishi-dishi, hawan jinin ido kuwa yana cinye gani ta gefe ba tare da mai shi ya lura ba. Ciwon sukari ma yana lalata ido, ga shi kuma ƙididdigar 2021 ta sa Masar cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu wannan ciwo a duniya.

Bayan ido sai gaɓoɓi. Wuyan da ya yi tauri ba ya barin mutum ya waiwaya sosai ya duba abin da madubi bai nuna masa ba, ƙafar da amosani ya kama kuwa ba ta saurin barin totur ta koma kan burki. Sai kuma saurin yanke shawara. Idan abu ɗaya ne a gabansa, dattijo ba ya bambanta ƙwarai da matashi. Bambancin yakan fito ne idan abubuwa da yawa suka taso masa lokaci guda: ga alama yana son karantawa, ga bas ta tsaya a gabansa, ga babur ya ɓullo ta gefe. Abu na ƙarshe shi ne raunin jiki. Karon da saurayi zai fita daga cikinsa da ƙujewa kawai, yana iya karya haƙarƙarin ɗan shekara 75, ya kwantar da shi ko ma ya zama ajalinsa. Wannan rauni yana cikin manyan dalilan da suka sa dattawa ke da yawa a jerin waɗanda haɗari ke kashewa.

Sai dai kuma tsufa ba hasara ce zalla ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Dattawa ba su cika gudun wuce kima ko ganganci ba, kuma da yawansu sukan guje wa tuƙin dare da lokacin cunkoso. Don haka haɗarinsu ya sha bamban da na samari. Na samari ya fi aukuwa saboda gudu, musamman da dare. Na dattawa kuwa, kamar yadda bincike a Turai da Amurka da Ostareliya ya nuna, ya fi aukuwa a mahaɗa, musamman wajen yin kwana a gaban motocin da ke tahowa, da wajen shiga babban titi, da wajen sauya layi.

Akwai wani bincike da aka wallafa a 2006 bisa alƙaluman ƙasar Holan wanda ya ƙara haska batun. An gano cewa a cikin direbobin da suka haura shekara 75, waɗanda haɗarinsu ya yi yawa su ne masu tuƙin da bai kai kilomita 3,000 a shekara ba. Ɗaya daga cikin bayanan da masana ke bayarwa shi ne, mai ɗan gajeren tuƙi a cikin gari yake yinsa, inda mahaɗa ke bin mahaɗa, alhali mai doguwar tafiya ya fi bin manyan hanyoyi marasa mararraba. Wato irin hanyar da mutum ke bi tana da hannu a yawan haɗarinsa kamar yadda shekarunsa ke da hannu.

3. Birni Ɗaya, Tituna Iri Huɗu

Alƙahira da kewayenta, wato har da Giza da wani yanki na Kalyubiya, tana ɗauke da mutum fiye da miliyan 20. Kowane zamani ya bar mata irin titinsa, kuma ana iya kasa su gida huɗu.

Na farko su ne lungunan tsohon birni, wanda Faɗimawa suka kafa a shekarar 969, da na unguwannin da suka tashi ba tare da tsarin hukuma ba, irin su Imbaba da Bulak Dakrur da Manshiyat Nasir. A nan titi ƙunci gare shi, kuma mota na raba shi da masu tafiya a ƙasa da masu talla da amalanke da keke mai ƙafa uku, wanda Misirawa ke kira tuktuk. Gogayya da ƙananan karo suna da yawa, amma da yake ba a samun sararin gudu, ba kasafai karon mota da mota ke yin muni ba.

Na biyu su ne titunan tsakiyar birni da aka shata a zamanin Khidiwi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879. Miƙaƙƙu ne, suna haɗuwa a manyan dandali irin su Tahrir da Ɗal'at Harb, kuma a nan aka fi ganin danja da jami'ai masu ba da hannu.

Na uku su ne faffaɗan titunan unguwanni irin su Madinatu Nasar da Misral Jadida. Ita Misral Jadida an fara gina ta a 1905, kuma an san ta da itatuwa da taragon titi. A tsakanin 2019 da 2020 an tumɓuke ragowar layukan taragon, an sare itatuwa masu yawa, an faɗaɗa tituna, an kuma gina gadojin sama a manyan dandalinta. Cunkoso ya ragu a wurare da dama, amma gudu ya ƙaru, kuma mazauna unguwar sun yi ta kuka da wahalar tsallaka titi.

Na huɗu su ne gadoji da hanyoyin gudu. Gadar 6 ga Oktoba, wadda aka fara a 1969 aka kammala a 1996, tsawonta ya kai kimanin kilomita 20. Titin Zobe da ya kewaye birnin ya kai kimanin kilomita 100, kuma a aikin faɗaɗa shi na 'yan shekarun nan an kai wasu sassansa layi 7 zuwa 8 a kowane hannu. Gadar Tahya Misr da aka buɗe a 2019 a kan Kogin Nilu faɗinta ya zarce mita 67.

Abin lura shi ne, dattijon da ya fito daga gidansa a Shubra zai kai jikarsa makaranta a Sabuwar Alƙahira yana iya ratsa uku daga cikin waɗannan nau'o'i a tafiya ɗaya, kuma kowanne da irin tuƙin da yake bukata. Haka kuma mai shekara 70 a yau ya koyi tuƙi ne tun kafin a yi Titin Zobe. Taswirar birnin da ke cikin kansa, wadda ita ce babbar garkuwarsa, an sauya mata kama a cikin 'yan shekaru kaɗan.

4. Wurare Uku Masu Wuya

Wuri na farko shi ne majuya, wato gurbin da aka buɗe a shingen tsakiyar titi domin mota ta yi kwana ta koma inda ta fito. A manyan titunan Alƙahira da yawa an toshe mahaɗu, an maye gurbinsu da majuya. Tsarin yana da amfaninsa, domin yana kawar da karon da mota ke soke wata ta gefe a tsakiyar mararraba, wanda yana cikin mafi muni. Amma a dubi abin da yake ɗora wa direba. Wanda ke son zuwa hagu dole ya fara bin dama, ya shiga cikin motoci, ya ratsa layuka uku ko huɗu a ɗan taƙi har ya kai layin ƙarshe na hagu, ya tsaya a majuya, sannan ya nemi gurbi ya faɗa cikin motocin ɗaya hannun ta layinsu mafi gudu. Kowane mataki yana bukatar waiwaye da ƙiyasi da saurin taka totur, wato daidai abubuwan da shekaru ke ragewa.

Lissafi kaɗan zai fito da girman abin. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Idan dattijo ya yi jinkirin daƙiƙa 2 kacal wajen fita daga majuya, motar da ya hango ta matso da mita 44. Da a ce gudun kilomita 40 take yi, da mita 22 kawai za ta ci, kuma da burkinta ya kama da wuri. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai bincike ya nuna cewa dattawa sun fi dogara da nisan motar da ke tahowa fiye da saurinta, don haka mota mai nisa amma mai tsananin gudu ita ta fi yaudararsu. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2014 a kan cunkoson Alƙahira, wanda ya ƙiyasta hasarar da cunkoson ke jawowa a kan kusan dala biliyan 8 a shekara, shi ma ya ambaci majuya cikin abubuwan da ke dagula zirga-zirga.

Wuri na biyu shi ne mashigar gada da mafitarta. Inda mashiga ta yi gajarta, dole direba ya ƙara wuta yana kallon gaba, yana kuma leƙen baya ta kafaɗarsa ta hagu. A mafita kuwa matsalar alama ce. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a daƙiƙa. Idan matashi ya iya karanta alamar daga nisan mita 100, yana da daƙiƙa 4. Idan dattijo bai iya karanta ta ba sai daga mita 50, daƙiƙa 2 gare shi, ga kuma layuka da yawa tsakaninsa da mafitar. Daga nan ne ake samun taka burki ba zato ko karkatar da sitiyari farat ɗaya. Ƙari a kan haka, ƙananan motocin haya sukan tsaya ɗaukar fasinja a bakin mashiga da mafita, kuma direbobin birnin sun fi yin magana da juna da hon da walƙiyar fitila fiye da bin zanen layi. Wanda jinsa ya yi nauyi ya rasa rabin wannan zance.

Wuri na uku ya shafi haske da yanayi. Mai shiga ramin Azhar, wanda aka buɗe a 2001, yana fitowa ne daga hasken rana mai ƙarfi ya faɗa cikin hasken lantarki, kuma idon dattijo ya fi jinkirin sabawa da wannan sauyi. Da dare kuwa, titin da wani sashensa ke da fitilu wani babu, da tudun rage gudu da ba a shafa masa fenti ba, da allunan talla masu ƙyalli, duk suna gajiyar da ido. A lokacin sanyi akwai hazon asuba da Misirawa ke kira shabbura, wanda yakan sa hukuma ta rufe wasu manyan hanyoyin da ke fita daga birnin na 'yan awoyi. Tsakanin Maris da Mayu kuma akwai iskar khamasin mai ɗauke da ƙura.

5. A Karɓe Lasisi ko a Gyara Hanya?

A 2008 Masar ta yi wa dokar hanya ta 1973 kwaskwarima da doka mai lamba 121, wadda ta hana sabunta rajistar motocin haya da suka wuce shekara 20. A 2009 aka fara musanya tsofaffin tasi masu launin baƙi da fari da sababbi farare. Tsohuwar mota ana iya kai ta maƙera a narkar, amma batun tsohon direba ya fi haka wuya. Lasisin tuƙin motar gida a Masar yana aiki ne na shekara 10, kuma shekara 10 lokaci ne mai tsawo ga idon da ya fara rauni.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Birtaniya direba yana sabunta lasisinsa idan ya kai shekara 70, daga nan kuma duk bayan shekara 3. Japan ta buɗe ƙofar mayar da lasisi bisa raɗin kai a 1998, ta fara gwajin ƙwaƙwalwa ga masu shekara 75 zuwa sama a 2009, sannan a 2022 ta ƙara gwajin tuƙi ga waɗanda suka taɓa karya wasu dokokin hanya a cikinsu. Amma tsanantawa ba kullum take haifar da ɗa mai ido ba. Wani bincike na 1996 ya kwatanta Finlan, mai tsaurara binciken likita ga dattawa, da Suwidin, wadda ba ta yin haka. Ba a ga alamar cewa tsanantawar ta rage haɗarin direbobi ba, sai ma aka ga dattawan Finlan sun fi mutuwa a matsayin masu tafiya a ƙasa ko a kan keke. Wannan darasi ne babba ga Alƙahira, domin dattijon da aka raba da motarsa zai koma tsallaka titi mai layi 6 da ƙafa, kuma wannan bai fi masa aminci ba.

Abin da ya fi amfani shi ne a binciki lafiyar mutum a yi masa magani. Binciken da aka wallafa a 2002 daga jihar Alabama ta Amurka ya nuna cewa masu yanar ido da aka yi wa aiki, haɗarinsu ya kai kimanin rabin na waɗanda ba a yi wa ba.

6. Gyaran da ke Taimakon Kowa

Tun 1998 hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta fitar da littafin jagora a kan tsara hanya saboda dattawa, ta kuma sabunta shi a 2001 da 2014. Shawarwarin irin wannan jagora ba masu tsada ba ne idan aka gwada su da kuɗin gina gada. Akwai sanya danja mai ba masu kwana ta hagu lokacinsu na kansu, yadda ba sai direba ya yi ƙiyasi ba. Akwai manyan haruffa a kan alamomi, da kafa alamar tun da nisa, da sabunta fentin layi, da haskaka mahaɗu, da tsawaita mashigar babban titi. Ƙaramin shataletale mai layi ɗaya ma yana taimakawa: mararraba mai hannu huɗu tana da wuri 32 da hanyar wata mota ke iya cin karo da ta wata, shataletale kuwa 8 kawai gare shi, kuma yana tilasta rage gudu.

Rage gudu shi ne uwa uba. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4 cikin 100. Shi ya sa taron ministoci da aka yi a Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Sai kuma samar da abin hawa ga wanda ya ajiye tuƙi. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira, wanda aka buɗe a 1987 kuma shi ne na farko a Afirka, yana yi wa dattawa rangwamen kuɗin tikiti, kuma a 2025 aka fara aiki da manyan motocin bas masu layinsu da matsayarsu na musamman a kan Titin Zobe.

7. Waiwaye Zuwa Kano

Wanda ya san Kano zai ga kamanni da yawa. Lungunan cikin birni suna da ƙunci, a-daidaita-sahu ya cika tituna, musamman tun bayan hana acaɓa a 2013, hazon hunturu yana rage gani, kuma an gina gadojin sama da na ƙasa a wurare irin su Ƙofar Nasarawa da Gadon Ƙaya da Dangi. Har ila yau, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ne a 1972, saboda haka duk direban da ya koyi mota kafin wannan shekara ya haura 70 a yau, kuma a hannun hagu ya fara. Shi ma hanya ta sauya a ƙarƙashin tayarsa fiye da sau ɗaya.

8. Kammalawa

An ga cewa shekaru suna rage gani da saurin motsi da ƙarfin jiki, amma suna ƙara haƙuri da hangen nesa. Hanyar da ke neman a yanke shawara da yawa a cikin daƙiƙa kaɗan, a tsakiyar motoci masu gudu, tana fito da raunin dattijo ta ɓoye ƙwarewarsa. Hanyar da ke rage gudu, ta raba shawarwari ɗaya bayan ɗaya, ta ba da haske da alama a kan lokaci, tana barin ƙwarewar ta yi aikinta. A nasa ɓangaren, dattijo zai kyauta wa kansa idan ya riƙa kai idonsa asibiti, ya ɗaura bel, ya zaɓi lokacin fita, ya kuma bi hanyar da ke da danja ko da ta fi nisa. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Ma'anar Kalmomi

sitiyari: abin da direba ke riƙewa yana karkata mota da shi.
totur: abin da ake takawa domin mota ta ƙara gudu.
danja: fitilar kan titi mai ja da rawaya da kore.
mahaɗa: wurin da hanyoyi biyu ko fiye suka gamu, mararraba.
shataletale: mahaɗa mai da'ira a tsakiya wadda motoci ke kewayawa.
cunkoso: taruwar motoci ko mutane har tafiya ta yi wuya.
dishi-dishi: gani wanda bai fita sosai ba.
amosani: ciwon da ke kama gaɓoɓi ya sa su tauri.
ganganci: yin abu mai haɗari da saninsa.
farat ɗaya: nan take, ba shiri.
kwaskwarima: gyaran da ake yi wa abu ba tare da an sake shi gaba ɗaya ba.
rangwame: ragin da ake yi wa mutum a kan kuɗi.

Nahawu: Ɗafa-goshin ma-

Ana liƙa ma- a gaban aikatau domin a samar da suna iri uku. Na farko sunan mai aiki: tuƙa, matuƙi, matuƙiya, matuƙa, zauna, mazauni, mazauniya, mazauna. Na biyu sunan wuri, wanda ya fi ƙarewa da wasalin a: haɗa, mahaɗa, shiga, mashiga, fita, mafita, juya, majuya, tsaya, matsaya. Na uku sunan kayan aiki, wanda ke ƙarewa da wasalin i: duba, madubi; auna, ma'auni; buɗe, mabuɗi. A lura da karin sauti. A sunan mai aiki na namiji da na jam'i, gaɓar farko da ta ƙarshe suna sama, ta tsakiya tana ƙasa. A sunan wuri da na kayan aiki kuwa dukkan gaɓoɓin suna sama.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne ke haɗuwa kafin haɗari ya auku?
2. Ta yaya haɗarin dattawa ya bambanta da na samari?
3. A kawo nau'o'in titunan Alƙahira guda huɗu tare da misalin kowanne.
4. A bayyana matakan da direba ke bi idan zai yi amfani da majuya.
5. Me kwatancin Finlan da Suwidin ya nuna?
6. A fito da karin magana guda huɗu daga cikin darasin, a faɗi ma'anar kowanne.
7. A gina suna da ɗafa-goshin ma- daga waɗannan aikatau, a kuma sa kowanne a jimla: sauka, ƙera, tsallaka, rubuta, kulle.

Aikin Gida

A zaɓi wata mahaɗa ko majuya da ke kusa da gida ko makaranta. A rubuta shafi ɗaya da Hausa a kan yadda take, da wahalar da direba mai shekara 70 zai iya fuskanta a wurin, da gyara biyu da za su sauƙaƙa masa.